Tambayoyi da Amsoshi: Taurari Masu Son Jinsinsu a Labaran Distofiya na Matasa

Duk inda masu karatun littattafan Turanci suka zauna hirar labaran matasa na Amurka, sai wannan batu ya ɓullo, wani ya kawo shi da tambaya, wani da ƙorafi. Na tattara tambayoyin da aka fi maimaitawa na amsa su a nan. Zan tona ƙarshen wasu labaran, wanda bai karanta ba ya yi mini afuwa.

Wai mene ne distofiya, kuma su waye matasan da ake rubuta wa?

Ƙagaggen labari ne da ake ginawa a wata duniya ta gaba wadda ta lalace. Ko gwamnati ta zama dodo, ko annoba ta share jama'a, waɗanda suka rage suna zaune a ƙarƙashin dokar da ba ta da imani. Manya sun daɗe da nasu. Na matasa kuwa, wanda kamfanonin ɗab'i ke nufin 'yan shekara 12 zuwa 18 da shi, ya samu gindin zama da The Giver na Lois Lowry a 1993, sannan ya yi tashe bayan The Hunger Games na Suzanne Collins ya fito a 2008. Daga nan kasuwa ta ci: Matched na Ally Condie a 2010, Divergent na Veronica Roth da Delirium na Lauren Oliver duk a 2011. Zubinsu kusan ɗaya ne. Yarinya 'yar shekara 16 ko 17, hukuma mai danniya, sau da yawa samari biyu suna jan zuciyarta, sai tawaye.

Da wace kalma za a kira waɗannan taurari da Hausa?

Turawa suna da kalmar queer, wadda a da zagi ce, daga baya mutanen da ake zagi da ita suka karɓe ta suka mai da ita sunansu. Tana ɗauke da namiji mai son namiji, da mace mai son mace, da mai son duka biyun, da wanda ya sauya jinsi. Hausa ba ta da kalma ɗaya da ta yi wannan faɗi. Luwaɗi da maɗigo sunayen aiki ne, kuma suna tafe da hukuncinsu. Ɗan daudu wani abu ne daban mai nasa tarihin a ƙasar Hausa, mata-maza kuma batun halittar jiki ne. A yawancin littattafan nan abin da ke kan shafi shi ne yaro ɗan shekara 16 da zuciyarsa ta karkata wani wuri, don haka na zaɓi in riƙa cewa masu son jinsinsu, masu son jinsi biyu, da masu sauya jinsi.

Me ya haɗa distofiya da wannan batu? Ba labarin yaƙi da azzalumar gwamnati ba ne?

Shi ne, amma a duba inda gwamnatin take fara sa hannu. Kusan kullum a kan aure da haihuwa ne. A The Giver, kwamitin dattawa ke zaɓa wa mutum abokin zama, wasu mata na musamman ke haifar jarirai a raba wa gidaje, kuma da zarar yaro ya fara jin motsin sha'awa sai a ɗora shi a kan ƙwayar da zai riƙa sha kullum. A Matched, ana shirya liyafa ga 'yan shekara 17, a nuna wa yarinya fuskar wanda hukuma ta lissafa shi ne mijinta. A Delirium, soyayya kanta cuta ce, ana yi wa mutum tiyata yana shekara 18 don a raba shi da ita, sannan a haɗa shi da wadda aka zaɓa masa.

To hukumar da ta tsara har irin kayan da za ka sa da abincin da za ka ci, me take yi da yaron da ya dubi hoton yarinyar da aka zaɓa masa bai ji komai ba, domin ba mace ce a ransa ba? Tana kashe shi ne? Tana yi masa magani? Ko tana haɗa shi da namiji, tunda ta ce lissafinta ba ya kuskure? Marubucin da ya ƙirƙiro irin wannan hukuma ya ɗauko wa kansa tambayar, ko ya so ko bai so ba. Matched bai taɓa batun ba ko kaɗan, kuma masu sharhi sun daɗe suna nuna wannan. A ganina wannan giɓi ne a ginin labari, kuma giɓin yana nan ko mai karatu yana goyon bayan irin wannan soyayya ko yana ƙyamarta.

Delirium ya ɗan taɓa: hukumar tana da suna na musamman ga irin waɗannan mutane, mai ma'anar waɗanda suka saɓa wa halitta, kuma a littafi na biyu, na 2012, an samu ɗayansu mai suna Hunter cikin waɗanda suka gudu daji. Roth ma ta amsa tambayar, amma sai a littafi na uku na jerin Divergent, wato Allegiant, na 2013. A can ne Amar, tsohon malamin horo, ya bayyana dalilin da ya sa yake ɓoye alaƙarsa da George: hukumar da suke ƙarƙashinta ta ɗauke su a matsayin masu tsaftataccen iri, kuma duk alaƙar da ba za ta kawo 'ya'ya masu wannan iri ba, ba a son ta. Gajeren wuri ne a littafin, amma ya nuna maka mugun halin hukumar fiye da shafuka da yawa na harbe-harbe.

Da gaske ne a farkon tashen babu su kwata-kwata?

Saura ƙiris. A littattafai ukun farko na The Hunger Games babu tauraron da aka fito fili aka ce mai son jinsinsa ne. Sai a 2020, a The Ballad of Songbirds and Snakes, Collins ta sako wani tsohon mai gidan rawa, Pluribus Bell, wanda ya rasa masoyinsa Cyrus a lokacin yaƙi. A 2011 marubuciya Malinda Lo ta zauna ta ƙidaya littattafan matasa da ake bugawa a Amurka, ta ga waɗanda ke da irin waɗannan taurari ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan lissafi na adabin matasa ne baki ɗaya, ba na distofiya kaɗai ba.

Akwai 'yan kaɗan da suka riga kowa. A The Knife of Never Letting Go na Patrick Ness, wanda ya fito a Ingila a 2008, maza biyu ne, Ben da Cillian, suka raini babban tauraron, Todd. A jerin Gone na Michael Grant akwai Dekka, yarinya mai son mata. Amma duk ƙananan taurari ne, ba su ke riƙe da akalar labarin ba.

Marubuta ne ba sa rubutawa, ko hana su ake yi?

Duka biyun, amma akwai wata rigima da ta fito da na biyun fili. A watan Satumban 2011, marubuta biyu, Rachel Manija Brown da Sherwood Smith, suka wallafa bayani a shafin mujallar Publishers Weekly. Sun ce sun rubuta labarin duniyar bayan rushewa mai suna Stranger, wanda taurari biyar ke ba da shi, ɗayansu yaro ne mai suna Yuki Nakamura da ke da saurayi. Wani kamfanin dillalan marubuta, in ji su, ya yarda zai karɓi littafin bisa sharaɗin a mai da Yuki mai son mata ko a cire muryarsa daga labarin. Suka ƙi. Ɓangaren dillalan ya musanta cewa haka aka yi, ya ce gyaran da aka nema na rage yawan muryoyi ne. Kowa ya tsaya a kan bakansa. Abin da ya ba maganar nauyi shi ne wasu marubutan da suka biyo baya suna cewa su ma an taɓa yi musu irin wannan tayi. Littafin ya fito a 2014, Yuki yana nan yadda aka rubuta shi.

Ba lallai ba ne dillali ya kasance yana ƙin mutanen. Lissafin kasuwa yake yi. A Amurka makarantu da ɗakunan karatu manyan masu sayen littattafan matasa ne, kuma littafin da iyaye za su yi wa ca a makaranta ciniki ne da ya ragu. An ga misali tun da wuri: Annie on My Mind na Nancy Garden, labarin 'yan mata biyu da ya fito a 1982, an ƙona shi a bainar jama'a a Kansas City a 1993, sai da kotu ta sa aka mai da shi ɗakin karatun makarantun garin Olathe da ke kusa da can a 1995.

Yaushe abin ya canza?

Shekarar 2013 ce za a nuna da yatsa. A cikinta aka samu Proxy na Alex London, da The Culling na Steven dos Santos, da Coda na Emma Trevayne, da The Summer Prince na Alaya Dawn Johnson, da More Than This na Patrick Ness. A nan mai son jinsinsa ya tashi daga gefe ya dawo tsakiyar labari.

Proxy ya fi tsaya mini a rai. A birnin labarin, ɗan mai kuɗi ba ya shan hukuncin laifinsa. Mahaifinsa yana sayen bashin wani yaro talaka, duk lokacin da ɗan gata ya yi ɓarna sai a kama talakan a azabtar da shi, ɗan gatan yana kallo. Syd maraya ne da aka ɗora wa bashin rainonsa tun yana jariri, Knox kuma shi ne ɗan gatan. Ranar da Knox ya saci mota ya yi haɗari da wata yarinya a ciki, Syd aka zo ɗauka. Syd mai son maza ne, littafin bai ɓoye ba, 'yan makarantarsu ma suna yi masa gori. Amma ba wannan ne jigon ba. Jigon bashi ne, da yadda ake gadon talauci kamar yadda ake gadon gida. Yaron yana da babbar matsalar da ta fi ta zuciyarsa, kuma wannan ne ya sa ya fito kamar mutum, bai zama allon talla ba.

Sai dai sun zo kasuwa bayan la'asar. A lokacin masu karatu sun fara ƙosawa da distofiya, har fim ɗin Allegiant na 2016 ya kasa ciniki, aka fasa yin na ƙarshen. Babu ko ɗaya cikin littattafan 2013 da ya kusanci cinikin The Hunger Games. Abin da ya tura lamarin gaba daga waje ya zo: gangamin We Need Diverse Books, mai neman a riƙa sako kowane irin mutane a littattafan yara, a 2014, da hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Yunin 2015 da ya halatta auren jinsi a duk faɗin ƙasar.

Me ya sa ake ƙorafin cewa kullum su ake kashewa?

Domin tsohuwar al'ada ce a rubutun Turawa: a bar irin wannan tauraro ya bayyana, amma a hukunta shi kafin a rufe littafi. Ko a labarin John Donovan na 1969, wanda ake ɗauka shi ne na farko a adabin matasa da ya taɓa batun, bayan yaran biyu sun kusanci juna sai mota ta kaɗe karen babban tauraron, yaron ya ɗauka alhakinsa ne.

A distofiya, dubi Lynn a Insurgent na 2012, littafi na biyu a jerin Divergent. Yarinya ce mai zafin kai da ta aske gashinta. An harbe ta, tana kwance rai na fita, sai a lokacin ta faɗa wa abokinta Uriah cewa son da take yi wa ƙawarsu Marlene ba na ƙawance ba ne. Marlene ta riga ta mutu. Daga faɗar zuwa cikawa babu nisa. Mai karatu bai taɓa ganin Lynn tana raye da wannan sirri a fili ba ko na shafi ɗaya.

Wanda ya fi tada ƙura a talabijin ya faru. A shirin The 100, wanda aka ɗauko daga littattafan matasa na Kass Morgan, an kashe shugaba Lexa a kashin da aka nuna ranar 3 ga Maris, 2016, da harsashin da ba ita aka nufa da shi ba, jim kaɗan bayan ta kasance tare da masoyiyarta Clarke, babbar tauraruwar shirin, a karon farko. Masu kallo suka yi bore a intanet, suka tara sama da dala 100,000 suka ba Trevor Project, ƙungiyar da ke tallafa wa irin waɗannan matasa.

Wani zai ce ai a distofiya kowa mutuwa yake yi, a The Hunger Games ma yara 24 ake zubawa a fili don ɗaya ya fita. Gaskiya ne. Amma idan kana da taurari talatin masu son kishiyar jinsi ka kashe goma, saura ashirin. Idan kana da ɗaya tilo ka kashe shi, ka share duka.

Wadda ta juya wannan al'ada da kyau ita ce Cherie Dimaline a The Marrow Thieves na 2017, wanda ya ci kyautar Gwamna Janar ta Kanada. A labarin, mutane sun daina mafarki in ban da 'yan asalin ƙasar, don haka ake farautarsu ana tatsar ɓargonsu. Miigwans, dattijon da ke jagorantar yaran da ke gudun hijira, ya shafe shekaru yana makokin mijinsa Isaac da aka kama. A shafukan ƙarshe, yaron da ke ba da labarin ya hangi zanen ɓauna a bayan hannun wani baƙo, irin wanda ke hannun Miigwans. Isaac ne, da ransa. Duk mai karatun da ya saba da tsohuwar al'adar ya riga ya binne shi tun tsakiyar littafi.

Dole ne duniyar labarin ta tsane su?

A'a, kuma nan ne marubuta suka rabu. Wasu suna mai da tsanar ita ce distofiyar. A More Happy Than Not na Adam Silvera, na 2015, akwai wata cibiya a New York da ke goge wa mutum abin da ba ya son tunawa, sai Aaron Soto, yaro daga unguwar Bronx, ya nemi a goge masa sanin cewa maza yake so. A Hell Followed With Us na Andrew Joseph White, na 2022, Benji yaro ne da ya sauya jinsi, yana gudun wata ƙungiyar masu tsattsauran addini da ta saki annoba ta hallaka yawancin mutanen duniya.

Wasu kuma suna gina duniyar da ta lalace ta ko'ina amma ba ta damu da wannan ba. A The Summer Prince, wanda aka kafa a wani birnin Brazil na gaba, ana yanka sarki bayan shekara guda a kan mulki, amma mahaifiyar babbar tauraruwar ta auri mace kuma babu wanda ya ɗaga gira don jinsinta. A The Toll na Neal Shusterman, na 2019, akwai kyaftin ɗin jirgin ruwa daga Madagaska, Jerico, mace idan rana ta fito, namiji idan hadari ya rufe.

Akwai ɗaya da mai karatun Hausa zai yi murmushi idan ya ji zubinsa. A We Set the Dark on Fire na Tehlor Kay Mejia, na 2019, kowane babban mutum a tsibirin Medio mata biyu ake aura masa lokaci guda daga makaranta ɗaya: ta farko ta riƙe gida da lissafi, ta biyu ta haihu ta yi raino. Uwargida da amarya ke nan a rana ɗaya. Dani da Carmen sun shiga gidan mijinsu da tsohuwar gaba tun ta makaranta, kowa yana jiran kishi, sai marubuciyar ta karkatar da zukatansu ga juna.

Ni dai na fi ganin ƙarfin kashi na farko idan marubucin ya iya, domin yana amsa tambayar da hukumar labarin ta tayar. Kashi na biyu yana da daɗin karatu, amma wani lokaci sai ka ji an sauƙaƙa: azzalumar da ke sa ido a kan komai ta kau da kai daga abu ɗaya ba tare da an gaya maka dalili ba.

Sai mai irin wannan rayuwa ne zai rubuta ta?

An gwada wannan ma'auni. A 2015 marubuciya Corinne Duyvis ta ƙirƙiro alamar OwnVoices don nuna littafin da marubucinsa da tauraronsa suka fito daga rukuni ɗaya. Ba a daɗe ba ta zama sandar duka, ana matsa wa marubuta su tona sirrin rayuwarsu kafin a yarda da littafinsu. A 2020 marubuciyar littattafan matasa Becky Albertalli ta bayyana cewa ita mai son jinsi biyu ce, ta ce matsin ne ya sa ta faɗa ba don ta shirya ba. A 2021 We Need Diverse Books ta daina amfani da alamar.

Ni uba ne. Littattafan batsa ne?

Yawancinsu a'a. Riƙe hannu ne da sumba, abin da ya wuce haka akan ja labule. Zubar da jini ya fi yawa nesa ba kusa ba, Hell Followed With Us ma sai mai ƙarfin zuciya. Amma kada in rufe ka: littattafan suna nuna wannan soyayya a matsayin abu na daidai da ba ya buƙatar tuba, kuma wannan ya saɓa wa abin da ake koyarwa a mafi yawan gidajen Hausawa, Musulmi da Kirista. Bangon littafi ba ya faɗa maka. Proxy daga waje labarin tsere da bashi ne kawai. Wanda yake son sanin abin da ɗansa ke karantawa a waya, sai ya karanta da kansa.

Ana hana su a wasu wurare?

Sosai, har a inda aka rubuta su. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta ƙidaya yunƙuri 1,269 na cire littattafai a 2022, sannan a 2023 littattafai daban-daban 4,240 aka nemi a cire, kusan rabinsu kan masu son jinsinsu ne ko waɗanda ba farar fata ba. Rasha ta yi dokar hana nuna wa yara irin wannan a 2013, ta faɗaɗa ta ga kowa a 2022. Hungary ta yi tata a 2021, har aka ci tarar kamfanin sayar da littattafai na Líra forint (kuɗin ƙasar) miliyan 12 a 2023 saboda ya ajiye wani littafin matasa ba tare da naɗe shi a leda ba. A Najeriya dokar haramta auren jinsi da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14.

Akwai wanda ya fito daga hannun ɗan Afirka?

Akwai Pet, na 2019, daga alƙalamin Akwaeke Emezi. An haifi Emezi a Umuahia, girma kuma a Aba, kodayake a Amurka aka buga littafin, inda ya kai zagayen ƙarshe na kyautar National Book Award a rukunin matasa. Garin labarin, Lucille, yana alfahari cewa ya yi juyin juya hali ya kawar da duk mugaye, har ana koya wa yara cewa babu sauran dodo. Jam yarinya ce baƙar fata da aka haifa a matsayin namiji, ta ce ita mace ce tun tana shekara uku, iyayenta suka karɓa, garin ma bai ce uffan ba. Ba ta cika magana da baki ba, ta fi amfani da hannu. Wata rana jininta ya ɗiga a kan zanen da mahaifiyarta ta yi, wata halitta mai ƙaho ta fito daga ciki ta ce farautar dodo ta zo yi, kuma dodon yana gidan Redemption, babban abokin Jam. Manya suka ƙi yarda, domin yarda na nufin garinsu bai tsarkaka ba. Dodon kuwa kawun yaron ne, ɗaya daga cikin jaruman juyin juya halin, yana cutar da ƙanen Redemption a ɓoye. A 2022 littafin Bitter na Emezi ya biyo baya, ya koma da labarin baya, kan ƙuruciyar mahaifiyar Jam a lokacin juyin.